Nawa Ne Kuɗin Ɗan Wasan Da Ba Na Kowa Ba?

Duk shekara idan aka buɗe kasuwar cinikin 'yan ƙwallo a Turai, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gidajen kallo da teburan masu shayi na Batsari da Safana, wato gardamar ɗan wasan da aka ce "an ɗauke shi kyauta". An yi ta a 2021 lokacin da Messi ya bar Barcelona ya koma PSG, aka kuma sake ta a 2024 da Mbappe ya tafi Real Madrid. Wani ya ce ƙungiyar ta yi tsintuwar dami a kala, wani ya ce ina kyauta ga mutumin da albashinsa na mako guda zai ciyar da unguwa shekara. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tarihin tambayar kanta. Idan kwantiragin mutum ya ƙare, ya zama ba na kowa ba, wa ke yanka masa farashi, kuma da wane mudu ake auna shi? Domin kuwa wannan 'yanci guda ɗaya ya mai da wasu attajirai, ya kuma bar wasu a tasha da jakar takalma ba su da ko kuɗin mota.

Tun kafin ƙwallo ta zo mana muna da irin wannan ciniki a ƙasar nan. Wata Baturiya masaniya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, nan maƙwabtanmu, a shekarar 1967, ta kuma fitar da littafi a 1972 a kan noma da zaman ƙauyen Hausa. Cikin abubuwan da ta bi diddigi har da gandu, inda ɗa ke yi wa mahaifinsa noma, shi kuma uban ya ɗauki cinsa da harajinsa da ɗawainiyar aurensa, ya yanka masa gayauna. Ɗan gandu yana da inuwa, amma ƙarfinsa ba shi da farashi a kasuwa, tunda ba wanda zai taya. Ranar da ya fita gandu, ko uban ya rasu aka raba gado bai samu abin kirki ba, sai ya zama ɗan ƙodago, a nan ne ake fara tambayar nawa ne yininsa, nawa ne jingar kadada. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ruma ko Runka ya san amsar ba ɗaya ba ce. A tsakiyar damina, lokacin noman farko da ciyawa ta taso wa kowa a tare, ɗan ƙodago sarki ne, masu gona ke bin sa har gida. Da rani kuwa ƙarfin nan nasa yana nan bai ragu ba, sai dai babu mai nema.

Akwai wani kawuna a ƙasar Safana da ya daɗe yana sayen shanun huɗa. Na taɓa raka shi kara ranar kasuwar Batsari, dillali ya jawo wani sa ƙato yana ta zuba masa kirari, ya ce kadada kaza ya huɗe bara, kaza bara waccan. Kawu ya saurara har ya gama, sannan ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya ce, "Malam, bara ai ta mai shi ce, ya riga ya ci. Ni baɗi nika saye." Ya ce albarka, muka wuce. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za mu tarar da ita a Amurka sanye da kwat.

A fagen wasa kuwa, ɗan dambe shi ne asalin ɗan wasa mai zaman kansa a ƙasar Hausa. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kuma wasan kaka ne, idan an kawar da amfanin gona sai su bi garuruwa da makaɗansu. Da aka koma kewaye fili ana karɓar kuɗin ƙofa, sai aka samu mai gidan dambe, shi ke aikawa a kira 'yan wasa daga ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, ya ɗauki kuɗin motarsu da masauki, a yi jinga a kan kwanakin da za su yi. Babu takarda, babu lauya. Ɗan dambe yana da ubangida da yake ɗaukar sunansa, shi ya sa ake jin Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, amma ba wanda ya mallaki hannunsa. To da me mai gida ke auna shi? Yawan kisan da ya yi yana ciki, sai dai abin da ya fi shi ne mutum nawa za su biya kuɗin ƙofa saboda an ce zai ɗaura zare. A nan makaɗi ya shigo cikin cinikin. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har yau ana jin ta, kuma ba a maganar manyan da suka wuce ba a ambaci Ɗandunawa da Ado Ɗankwaure ba. Matsalar kawai ita ce suna ya fi ƙarfi tsawon rai. Mai gidan da ya biya kuɗin suna yakan cika fili a daren farko, idan wani yaro da ba a sani ba ya kashe gwanin a turmin farko, dare na biyu sai ya ƙirga benci.

Inda aka fi rubuta tarihin wannan ciniki dalla-dalla shi ne a wasan besbol na Amurka, wasan nan da ake jefa ƙaramar ƙwallo wani ya doke ta da kulki ya ruga. Ba wasanmu ba ne, ban kuma taɓa ganin ana yin sa a ƙasar Katsina ba, amma rigimarsa tamu ce. Tun daga 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla wani sharaɗi da ya ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa ko bayan kwantiraginsa ya ƙare. Gandu ke nan wanda babu fita. Ko ka karɓi abin da aka ba ka, ko ka bar sana'ar. Kusan shekara 90 ana haka, sai a ƙarshen 1969 ƙungiyar St. Louis Cardinals ta miƙa wani baƙar fata mai suna Curt Flood ga ƙungiyar Philadelphia ba tare da an shawarce shi ba. Albashinsa a lokacin Dala 90,000 ne a shekara, kuɗi mai kauri, amma ya ce shi ba kaya ba ne da za a sayar, ya kai ƙara. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a 1972 alƙalai 5 suka ƙi bayansa, 3 suka goya masa. Ya rasa shari'ar, ya kuma rasa sana'ar.

Amma ya riga ya tsaga bango. A ƙarshen 1974 wani mai jifa da ake kira Catfish Hunter ya samu kansa saboda mai ƙungiyarsa ta Oakland ya saɓa wani sharaɗin biya. Mutumin da ake ba Dala 100,000 a shekara, da ƙungiyoyi suka yi rububinsa, sai ga New York Yankees ta ba shi sama da Dala miliyan 3 na shekara 5. Hannunsa bai canza ba tsakanin jiya da yau, masu tayi ne suka ƙaru daga ɗaya zuwa da yawa. A watan Disamba na 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukunci a kan 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, cewa wanda ya yi kaka guda ba tare da sa hannu a sabuwar takarda ba ya zama mai 'yancin kansa. Tsohon sharaɗin ya rushe ke nan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga mu mutanen nan, kuma ba a cika ba da labarinsa ba. Mai ƙungiyar Oakland ɗin nan, Charlie Finley, mutum ne mai wayon tsiya. Ya ba 'yan uwansa masu ƙungiyoyi shawara cewa tunda 'yanci suke so, a ba kowa da kowa, duk ƙarshen kaka a saki dukkan 'yan wasa su shiga kasuwa. Shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan, Marvin Miller, ya gane tarkon, domin ya san abin da kowace mai sayar da tumatir ta sani, ranar da kaya suka cika kasuwa mai saye ke yanka farashi. Sa'arsa ɗaya, sauran masu ƙungiyoyin ba su saurari Finley ba. A yarjejeniyar 1976 aka tsaya a kan cewa sai wanda ya yi shekara 6 a babbar gasa zai fita kasuwa. Wato kowace shekara 'yan kaɗan ne ke fitowa, masu nema kuma da yawa. Matsakaicin albashi da yake wajen Dala 45,000 a 1975 ya haura Dala 140,000 a 1980. Da abin ya ishi masu ƙungiyoyi sai suka haɗa baki tsakanin 1985 da 1987, kowa ya ƙi taya ɗan wasan wani. Har ta kai wani gwani, Andre Dawson, ya miƙa wa Chicago Cubs takardar da ba a rubuta kuɗi ba a 1987, ya ce su cike da abin da suka ga dama. Suka rubuta Dala 500,000, ƙasa da abin da yake samu a da, a shekarar kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. Asiri ya tonu daga baya, a 1990 masu ƙungiyoyin suka amince su biya diyyar Dala miliyan 280.

Da kuɗi suka yi yawa haka, dole aka nemi mudu. Wani mai gadin dare a masana'anta, Bill James, ya fara fitar da ƙididdigarsa a 1977, daga irin aikinsa da na waɗanda suka biyo shi aka samu ma'auni biyu da ake amfani da su. Na farko, ba a tambayar ko ɗan wasa gwani ne, ana tambayar nasara nawa zai ƙara wa ƙungiya a kan yaron da za a iya ɗaukowa da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a gurbinsa. Ratar da ke tsakaninsu ita kaɗai ake biya. Na biyu shi ne haƙoran san kawu. Ƙididdiga ta nuna yawancin 'yan wasa suna kai ƙololuwa ne wajen shekara 27, alhali saboda dokar shekara 6 ɗin nan, da yawa ba sa fita kasuwa sai sun doshi 30. Ke nan mai saye yana kallon tarihin shekarun da suka fi kyau, yana kuma biyan kuɗin shekarun gangara. Misalin da aka fi bugawa shi ne Albert Pujols. Sau 3 yana zama gwarzon gasa a St. Louis, a Disamban 2011 ƙungiyar Angels ta ba shi Dala miliyan 240 na shekara 10 yana gab da cika 32. Bai sake komawa yadda yake ba, a watan Mayu na 2021 suka sallame shi kwantiragin bai ma ƙare ba. Duk da haka kasuwar ba ta yi sanyi ba, sai dai ta koma neman masu ƙuruciya. Juan Soto yana da shekara 26 lokacin da New York Mets ta ba shi Dala miliyan 765 na shekara 15 a Disamban 2024.

A ƙwallon ƙafa sai a 1995 aka samu irin wannan hukunci, lokacin da Kotun Turai ta goyi bayan ɗan Beljiyam Jean-Marc Bosman, wanda ƙungiyarsa ta Liège ta hana shi tafiya Dunkerque bayan kwantiraginsa ya ƙare a 1990. Daga nan ne "kyauta" ɗin da ake gardama a kai a gidan kallo ta samo asali. Kuɗin da da za a ba tsohuwar ƙungiya, yanzu wani kaso nasa yana komawa aljihun ɗan wasa da dillalinsa.

Namu misalin da kowa ya sani shi ne Ahmed Musa, kuma rayuwarsa ta bi ta kowane lungu na wannan kasuwa. An haife shi a Jos a 1992. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, a 2012 ya koma CSKA Moscow inda ya ci kofin Rasha sau 3. A 2016 Leicester, wadda ta ɗauki kofin Ingila a shekarar, ta saye shi Fam miliyan 16.6, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba kafin nan. Ta fuskar shekaru cinikin ba shi da aibi, 23 gare shi. Amma ƙwallo 2 kacal ya ci musu a gasar Firimiya, domin akwai abin da mudu ba ya kamawa, ko salon wasan mutum zai dace da sabon wuri, kuma gurbin da ya fi iyawa akwai Jamie Vardy a kai. Sai ga gasar cin kofin duniya ta 2018, ya zura wa Iceland ƙwallo 2 a yini guda, duniya na kallo. Bayan 'yan makonni Al-Nassr ta Saudiyya ta ɗauke shi da kuɗi mai yawa. A ganina wasan nan na minti 90 ya yi masa aikin da waƙar Ɗan Anace ta yi wa Shago.

A watan Oktoba na 2020 suka rabu da Al-Nassr, ya zama ba na kowa ba yana da shekara 28, yana kuma kyaftin ɗin Super Eagles. A lissafin gidan kallo ya kamata a yi rububinsa, tunda kyauta ne. Wata shida ya yi babu ƙungiya. An yi maganar West Brom ta Ingila, cinikin bai faɗa ba. Lokacin annobar korona ne, filaye babu 'yan kallo, aljihun ƙungiyoyi ya bushe, shi kuma babban makaminsa gudu ne, gudu kuwa shi shekaru ke fara ci. A Afrilun 2021 ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci, daga nan ya tafi Turkiyya, Fatih Karagümrük sannan Sivasspor, ya sake dawowa Pillars a Oktoban 2024, ya ci Sunshine Stars ƙwallo 2 a wasansa na farko. A 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar, wato wanda aka sha aunawa ya koma riƙe mudu. Ga Pillars darajarsa irin ta gidan dambe ce, ƙafa da suna a haɗe, domin sunansa kaɗai na kawo mutane filin Sani Abacha.

To shi Ahmed Musa ya fita kasuwa da dukiyarsa da sunansa. Yaron da ya taso daga filin makarantar firamare a Batsari ko Safana fa? Shi duniyar da Finley ya yi mafarki ita ya tarar. Yawancin ƙungiyoyin babbar gasar Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, har da Pillars da Katsina United, kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa, ba daga ƙofa ko talabijin ba, don haka ba su da dalilin yin rububin kowa. Duk ƙarshen kaka ana sallamar 'yan wasa da yawa a lokaci guda, a kira tantancewa, matasa su yi dafifi a kan gurabe 'yan kaɗan. A da akwai kuɗin sa hannu da ake yi wa ɗan wasa alkawari a farkon kaka, wanda sau da yawa ba ya fita duka. Bayan kamfanin LMC ya karɓi ragamar gasar a 2013 an soke shi, aka kafa mafi ƙarancin albashi wanda ya kai Naira 150,000 a wata a wancan lokaci, amma labarin bashin albashi bai daina fitowa a jaridu ba. Abin dariya, Shohei Ohtani ma bashi yake bin Los Angeles Dodgers. Cikin Dala miliyan 700 da suka yi ciniki a 2023, miliyan 680 sai bayan shekara 10 za a fara biyansa. Bambancin shi ne nasa bashin da yardarsa aka yi, a rubuce yake, kuma akwai ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa.

A ƙasa da wannan mataki kuma akwai 'yan haya, waɗanda ake ɗaukowa daga Katsina ko Dutsin-ma idan gasar cin kofin wani ɗan siyasa ta kai zagayen kusa da ƙarshe. Jinga ce ta yini guda, kuɗin mota da ɗan abin sawa a aljihu, idan ya karye a filin kuwa sai dai 'yan uwansa su kai shi wurin mai ɗori. Rashin tsaron da ya addabi yankin dajin Rugu ya ƙara rage masu tayin. Wasan dare ya ja baya a ƙauyuka da yawa, masu neman yara ba sa son bin hanyar, kuma a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, yaron da ke jiran kiran wani koci ya yi watanni ba a iya samun sa.

Akwai dokokin FIFA guda biyu da na ga ya kamata masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyinmu su sani, don su ne kaɗai wurin da takarda ke tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi. Tun 2018, a rigimar da ta shafi ƙasa da ƙasa, ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata 2 yana iya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, idan ba a biya ba ya tafi abinsa ya kuma bi haƙƙinsa. Ta biyu, idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin Ahmed Musa zuwa Leicester wannan kaso ya kama Fam 830,000. Amma rabon yana bin rajista ne, sai ƙungiyar da sunanta ya shiga takardar tarihin yaron a hukumar ƙwallo. Kocin da ya yi shekara 5 yana saya wa yaro takalmi a Safana, idan ƙungiyarsa ba ta da rajista, ko an sayar da yaron Fam miliyan 20 ba shi da ko kwabo. Idan kuma yaron ya tafi "kyauta" ne, babu kuɗin ciniki balle a cire kashi 5.